Yadda Ake Tsallaka Lungun Teku na Tomales da Kwale-kwalen Kayak a Ƙungiyance

Tun da muka dawo daga Tomales Bay, lungun tekun da ke arewa da San Francisco, 'yan uwa mazauna Kalifoniya suke ta jefo mini tambayoyi iri ɗaya: ta ina kuka shiga ruwa, nawa kuka kashe, wanda bai taɓa riƙe filafili ba zai iya? Wasu ma har sun tsayar da rana. Shi ya sa na ga gara in zauna in jera komai daki-daki yadda muke yi, kowa ya samu abin dubawa.

Hanyar da zan bayyana ita ce wadda ta tashi daga mashigar jiragen ruwa ta Miller, a gefen babbar hanya mai lamba 1, arewa da ƙauyen Marshall. Daga nan a ratsa kusa da tsibirin Hog, a isa White Gulch da ke gaɓar yamma, a huta, a juyo. Tsallakawar kanta kilomita biyu ce da 'yan kai. Gajeriyar tafiya ce, amma iska da agogo ne ke mulkinta, ƙarfin damtse bai da ta cewa sosai.

1. Zaɓen rana

A nan ake cin tafiya ko a faɗi, tun ana gida. Tomales dogon lungu ne siriri, tsawonsa kimanin kilomita 24, faɗinsa bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba a mafi yawan wurare, kuma ya miƙe ne daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Iskar da ta fi kaɗawa a wannan gaɓa daga arewa maso yamma take fitowa, don haka sai ta shigo ta bakin lungun ta bi shi tiryan-tiryan kamar an hura bututu. Da safe ruwan yakan kwanta lumui. Da rana ta take, sai ya tashi.

Watannin Afrilu zuwa Yuni su suka fi iska. Satumba da Oktoba sun fi sauƙi, ni su nake zaɓa idan da sababbin hannu a cikinmu.

Abu biyu za ku duba, kwana uku kafin tafiya, sannan daren tafiya, sannan da asuba. Na farko hasashen yanayin teku na NOAA, hukumar Amurka mai kula da yanayi da teku. Za ku ga an rubuta ƙarfin iska da "kt". Kt 10 kusan kilomita 18 ne a awa. Idan an yi hasashen za ta haura haka kafin azahar, ƙungiyar 'yan koyo ba ta da abin yi a ruwa. Idan kuwa kun ga an rubuta Small Craft Advisory, gargaɗi ne ga ƙananan jirage, a fasa kawai.

Na biyu jadawalin cika da janyewar teku. Wanda ya saba da kogi a gida, a nan ne zai fi buƙatar natsuwa, domin kogi hanya ɗaya yake bi, shi kuwa wannan ruwa sau biyu yake shigowa ya fita a kwana ɗaya, kowanne ya ɗauki awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da wajen minti hamsin. Ku nemi ranar da cikar ruwa za ta faɗo tsakanin ƙarfe goma na safe da sha biyu. Hakan zai sa ku tsallaka ruwa na shigowa, ku sauka a White Gulch da isasshen ruwa a ƙarƙashinku.

Gargaɗi: idan ruwa na fita, iska kuma na shigowa, sai su yi karo, igiyar ruwa ta miƙe tsaye gajeru-gajeru kusa da juna. Wannan ita ke kifar da 'yan koyo. Idan ruwa ya janye sosai kuma, gefen lungun taɓo ne mai kama ƙafa har gwiwa.

Ku tsayar da rana biyu tun farko, ta ainihi da ta ko-ta-kwana. Idan mutane sun san akwai wata ranar, fasawa ba ta yi musu ciwo.

2. Mutane nawa, kuma su wa

Kada ku wuce mutum takwas zuwa goma. Duk 'yan koyo huɗu su samu gwani ɗaya, gwanin da ya taɓa mayar da mutum cikin kayak a tsakiyar ruwa da hannunsa. Idan babu irinsa ko biyu a cikinku, ku ɗauki ɗan jagora daga kamfanonin da ke yankin. Ba abin kunya ba ne, mu ma da haka muka fara.

Ku tambayi kowa a keɓe ko ya iya iyo, ko yana da asma, ciwon zuciya, farfaɗiya ko ciwon suga. A keɓe na ce, domin a gaban jama'a kowa zai ce lafiya lau. Wanda bai iya iyo ba, ko mai tsoron ruwa, a haɗa shi da gwani a kayak mai cin mutum biyu, shi a gaba, gwanin a baya.

3. Kayan aiki da kuɗinsu

Kayak iri biyu ne suka dace. Akwai wanda ake zama a samansa, ba shi da rami, idan ya kife a juya shi a hau. Shi ya fi wa 'yan koyo. Akwai dogon na teku mai ramin zama, da rufaffun ɗakunan iska gaba da baya. Ya fi gudu amma yana son horo.

Gargaɗi: gajeren kayak na wasa a tafki, mai faffaɗan baki, wanda ba shi da ɗakunan iska, kada ya zo wannan tafiya ko kyauta aka bayar. Idan ya sha ruwa ba ya kwasuwa a tsakiyar lungu.

Kowane mutum yana buƙatar rigar ceto daidai jikinsa da usur a ɗaure a jikinta. Dokar Amurka ta wajabta rigar ceto ga kowa da ke cikin jirgi da kuma abin busawa, a Kalifoniya kuwa yaron da bai kai shekara 13 ba dole ta kasance a jikinsa. Mu dai a wurinmu babba da yaro duk a jiki take, a ɗaure.

Na ƙungiya kuma: filafili ɗaya na ajiya, igiyar jan jirgi a ƙugun gwanaye biyu, famfon hannu na kwashe ruwa, akwatin taimakon gaggawa, kamfas, taswirar da aka naɗe a leda, tocila, da rediyon hannu na VHF. Kada ku dogara da waya kaɗai, sabis a lungun nan yana zuwa yana ɗaukewa. Tasha ta 16 a rediyon ita ce ta kiran gaggawa, masu gadin gaɓar teku suna sauraronta dare da rana, kuma suna da sansani a Bodega Bay, arewa da wurin.

Maganar kuɗi: tafiya da ɗan jagora, wadda ta haɗa da jirgi da filafili da rigar ceto, ku lissafa dala 100 ko sama da haka ga kowane mutum. Hayar jirgi kawai ta fi araha, musamman idan biyu suka raba mai cin mutum biyu, amma ku tambayi masu hayar ko sun yarda a tsallaka lungun da jirginsu, da kuma ko suna kawo shi Miller. Rediyon VHF yana kamawa daga wajen dala 100, a yi karo-karo a saya, zai daɗe yana amfani. Sai kuɗin man mota, da kuɗin gadar Golden Gate ga masu komawa San Francisco, wanda ake caja a hanyar dawowa kuma ba a karɓar tsabar kuɗi.

4. Sutura

Zan ɗan daɗe a nan, domin a nan mutanenmu suka fi kuskure. Rana za ta iya fitowa fes, mutum ya ji ɗumi a tudu, amma ruwan wajen tsibirin Hog daga tekun Pasifik yake shigowa, sanyinsa yakan tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya faɗa ciki ba shiri, abu na farko da ke faruwa shi ne numfashi ya ƙwace masa, ya ja iska da ƙarfi ba da sonsa ba. Idan kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan lokaci, ruwa zai ja. Bayan kamar minti goma yatsu su daina kama abu. Gwanin iyo da wanda bai iya ba duk haka jikinsu yake yi, shi ya sa rigar ceto ba ta da amfani idan tana bayan kujera.

Don haka a yi shiga don ruwan, a manta da ranar. Mafi kyau ita ce rigar roba mai kama jiki irin ta masu nutso, kamfanonin haya da yawa suna bayar da ita, a ɗora rigar kare iska a sama. Auduga kuwa a bar ta a mota: jins, singileti, shadda, atamfa, duk idan sun jiƙe suna riƙe ruwa su zuƙe ɗumin jiki. Takalmi ya zama mai rufe ƙafa wanda ba ya zamewa, saboda ɓawon kawa yana yanka kamar reza. Silifas taɓo zai cinye.

Ga 'yan uwa mata: dogon hijabi da abaya ba su dace da cikin jirgi ba, suna iya naɗe ƙafa ko su maƙale a igiyoyin jirgi idan ya kife. Abin da matan ƙungiyarmu suke yi shi ne ƙaramin hijabi na wasanni a cusa gefensa cikin rigar ceto, da riga mai dogon hannu zuwa cinya a kan rigar robar, da dogon wando na leda. Sutura ta samu, haɗari ya ragu. Abayar tana cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a saka da an sauka.

Kowa ya ajiye busassun kaya cikakku a mota, sannan a ɗauko saiti ɗaya na ƙungiya, da hular sanyi da bargo, a cikin jirgin gwani.

5. Daren tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. A daren ne za a loda mota, a caja rediyo, a cika gorunan ruwa, lita biyu ga kowa, a haɗa filas na shayi mai zafi, dabino, gyaɗa, burodi, abin da dai ba ya buƙatar wuta.

Sai a rubuta takarda a bai wa wani amintacce da ba ya cikin tafiyar: sunayen matafiya, yawan jirage da launinsu, lambobin motoci, inda za a shiga, inda za a sauka, da lokacin dawowa. A ƙasa a rubuta masa ƙarara: idan ƙarfe uku ta yi ba ka ji daga gare mu ba, ka kira 911, lambar kiran gaggawa.

6. A bakin ruwa

Daga San Francisco zuwa Miller tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, hanyar kuma tana da kwana-kwana. A yi sallar asuba a kama hanya, ƙarfe takwas ta same ku a can, tara kuna kan ruwa. Wanda ya makara ya wuce rabin awa ya haƙura. Na san wannan yana da nauyi a al'adarmu, amma rabin awar da aka ɓata da safe, iskar rana ce za ta karɓe ta da riba. A faɗa wa kowa wannan doka tun ana shiri don kada a ga kamar wulaƙanci ne.

Kafin kowa ya taɓa ruwa, a tsaya a da'ira minti goma sha biyar. A nuna riƙon filafili: hannuwa su fi faɗin kafaɗa kaɗan, a tsoma shi wajen yatsun ƙafa, a fitar da shi daidai ƙugu, ƙarfin ya fito daga juya ƙirji. Mai tuƙi da hannu zalla, kafin tsibirin Hog ya gaji. A nuna tsayawa da juyawa. A yi yarjejeniyar alamu: busa ɗaya a saurara, busa uku akwai matsala, filafili a tsaye sama a taru a wurin mai shi.

Sannan gwani ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya ya kama kafaɗun rigar ceto ya ja sama. Idan ta taso ta rufe kunne, ba ta ɗauru ba. A tafiyarmu akwai wani dattijo da ya bar tasa a buɗe, ya ce tana takura masa ciki, kuma shi a bakin kogi ya tashi. Ɗan ƙaninsa ya matso ya rage murya ya ce, "Baba, don Allah a bari in ɗaure, ruwan nan ba irin namu ba ne, a taɓa a ji." Dattijon ya duƙa ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya ɗan jima, ya ɗago ya ce, "To, ɗaure, ɗana." Tun daga ranar nake sa kowa ya tsoma hannu kafin a tashi.

7. Tsallakawa

Da farko a yi minti goma ana kewayawa kusa da gaɓa, a ga wanda jirginsa ke karkata, a gyara masa matakar ƙafa. Matsalar da aka gano a nan mai sauƙi ce.

Sai a jeru. Gwani ɗaya a gaba, ba mai wuce shi. Gwani ɗaya a baya, ba ya barin kowa a bayansa. Sauran a tsakiya, kusa da juna yadda magana za ta kai ba tare da ihu ba. Gudun ƙungiya shi ne gudun wanda ya fi kowa jinkiri, kuma shi za a sa dab da na gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne samari su yi gaba su tsaya jira, da na baya ya iso yana haki sai su sake tashi, su sun huta, shi bai huta ba.

'Yan koyo sukan ci kilomita uku a awa, don haka ku ba wa tsallakawar minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. Don gane ko ruwa na janku gefe, ku zaɓi abu biyu a gabanku, ɗaya kusa ɗaya nesa, misali gefen tsibirin da wani tudu a bayansa. Muddin suna kan layi ɗaya kuna kan hanya. Idan suka fara rabuwa, ku karkata hancin jirgi wajen da ruwan ke fitowa.

Gargaɗi a wajen tsibirin Hog: akwai dabbobin teku masu shayarwa da ake kira sil, suna kwanciya a yashinsa, kuma daga Maris zuwa Yuni suna da jarirai. Dokar Amurka ta 1972 ta hana takura musu. Ku bar tazarar mita 90 aƙalla, kada ku sauka a tsibirin. Idan kun ga sun ɗaga kai gaba ɗaya suna kallonku, kun matso da yawa. Tsakanin tsibirin da gaɓar yamma kuma jirage masu inji suna wucewa, a dunƙule a tsallaka wurin kai-tsaye, kada a tsaya ɗaukar hoto a nan.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi: kada wani ya ce a leƙa bakin teku tunda ruwa ya kwanta. Arewa wajen Tomales Point da Dillon Beach, inda lungun ya haɗu da Pasifik, ruwa na gudu da ƙarfi, igiyoyi na fashewa a kan yashi ba sanarwa, wurin ya ci jirage masu inji ma. Wannan tafiya ba ta zuwa can.

8. Hutu a gaɓar yamma

Wannan gefen yana cikin gandun Point Reyes na gwamnatin tarayya. A ja jirage sama sosai, domin ruwan da ke cika yana iya ɗauke su kuna cin abinci. Idan an yi sa'a za a hango manyan bareyin nan da ake kira elk a kan tuddai, waɗanda aka dawo da su yankin a 1978. A watan Satumba ma ana jin kukan mazansu daga nesa. A cikin ruwa marar zurfi, idan aka daina tuƙi aka yi shiru, akan ga kifaye masu faffaɗan fiffike suna shawagi a kan ciyawar ruwa.

Babu ruwan sha, babu shago, a White Gulch babu ban-ɗaki. Duk abin da kuka zo da shi ku koma da shi, har bayan gida, akwai jakunkuna na musamman da ake sayarwa don haka. Kada a kutsa cikin ciyayi, akwai wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje na makonni, ga kuma kaska. Hura wuta a bakin ruwa sai da takardar izini, kwana ma haka.

Hutun kada ya wuce awa ɗaya, kuma mutum ɗaya ya zuba wa arewa ido. Da ya ga ruwa ya fara duhu daga can, ko fararen kumfa sun fara bayyana a kan igiyoyi, a naɗe tabarma ko ba a gama shayi ba.

9. Dawowa

Kafin ƙarfe sha ɗaya da rabi a kama hanyar gida. Yanzu kuna fuskantar gabas, iskar za ta riƙa dukanku ta hagu da baya tana tura ku kudu. Saboda haka kada ku saita hanci a kan Miller daidai, ku nufi arewa da shi kaɗan, iskar ta sauke ku a wurin. Wanda ya nufi mashigar kai-tsaye zai tsinci kansa a kudu da ita, ya ƙare da tuƙi gaba da gaba da iska a lokacin da ƙarfinsa ya ƙare.

Idan igiya ta zo ta gefe, a saki ƙugu jirgin ya yi rawarsa, a ci gaba da tuƙi. Filafilin da ke cikin ruwa shi ne ƙafa ta uku. Wanda ya tsorata ya ɗaga shi ya kama gefen jirgi, shi ke kifewa. Wanda ya gaji a ɗaura masa igiya a ja shi tun da wuri, kafin ya galabaita.

Idan hazo ya sauko, a matso a haɗu, a bi kamfas zuwa gabas har a ga gaɓa, sannan a bi gefenta. Idan kuwa tun kuna yamma iskar ta riga ta fi ƙarfinku, ku zauna a tudu, ku sa busassun kaya, ku sanar ta rediyo ko waya, ku jira. Yawanci takan lafa da yamma. Wannan ne amfanin tocila da bargo da ragowar dabino.

10. Idan wani ya kife

Busa uku. Sauran jama'a su haɗa jiragensu gefe da gefe su riƙe juna, gwani ɗaya ya tsaya da su, ɗaya ya tafi ceto. Kada kowa ya yi rububin zuwa, sai a samu biyu a ruwa.

Wanda ya faɗa, aikinsa biyu ne: ya riƙe jirginsa kada ya saki, domin iska tana tafiya da jirgin da ba kowa fiye da yadda mutum ke iyo, sannan ya tsaya har numfashinsa ya daidaita. Kada ya nufi gaɓa da iyo, ta fi yadda ido ke nuna masa nisa. Mai ceto ya riƙa yi masa magana a natse, yana kiran sunansa.

Idan jirgin na zama a sama ne, a juya shi, mai ceto ya kwanta a kansa ya danne da hannu biyu, na ruwa ya harba ƙafafu a baya kamar mai iyo, ya zame da ciki a kan kujera, sannan ya juya ya zauna. Idan mai rami ne, mai ceto ya kama hancinsa ya ɗaga ruwan ya zube, ya jera shi da nasa, kai da ƙafa, ya riƙe bakin ramin gam. Na ruwa ya hau ta baya da ciki, ya zura ƙafafu, ya juya. Sauran ruwan a kwashe da famfo. Da an kai tudu a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a ba shi shayi mai suga. Idan yana rawar ɗari ba tsayawa, ko maganarsa ta fara harɗewa, ko an gwada sau biyu bai hau ba, a kira tasha ta 16 nan take, a faɗi inda kuke da yawanku.

Wannan mataki ba a koyonsa daga karatu. Mako ɗaya kafin tafiya ku je wuri marar zurfi, kowa ya kifar da jirginsa da gangan ya hau, ko sau ɗaya ne.

11. Bayan an fito

A ƙirga mutane da jirage kafin kowa ya nufi mota. A kira mai riƙe da takarda a ce masa an fito lafiya, kada a manta, in ba haka ba ƙarfe uku zai tayar da masu ceto. A janye jirage daga kan mashigar da sauri saboda masu jiran sauke nasu, a ɗauraye kaya da ruwan daɗi domin gishiri na cin zif da ƙarfe. Idan komai ya tafi a kan tsari, wajen ƙarfe ɗaya kuna tudu da busassun kaya, azahar ta same ku a nan. Ku taho da ruwan alwala a mota da tabarma mai ɗan nauyi, domin a lokacin iskar ta riga ta taso.